Babi na Huɗu: Minti Goman Farko

Me ya sa masu shirya finafinan kimiyya ba sa nuna dodon tun da farko? Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo a Funtuwa ko Malumfashi ya ji irin wannan ƙorafi. An ce fim na halittun wata duniya ne, an biya kuɗin shiga, janareta yana ta shan mai, amma minti biyar ya wuce babu abin da ake gani sai wani mutum yana wanke baki, ko iska tana kaɗa ganye. Can daga bencin baya sai ka ji an ce, "Malam, a tura gaba mana!" Wani kuma ya ce fim ɗin ba shi da wuta. Amma in mai gidan kallon ya yi kunnen uwar shegu ya bar fim ya ci gaba, kafin a cika minti goma za ka tarar mai cewa a tura ɗin ya yi tsit, gyaɗar da ya ɓare tana hannunsa bai kai ta baki ba.

Mutanen wannan yanki ba baƙin kallo ba ne. Tun a zamanin Turawa motar majigi ta riƙa zagaya ƙasar auduga tana haska finafinai irin su Baban Larai don a koya wa manoma sabon salon noma. Daga nan aka shiga zamanin silima da finafinan Indiya da na 'yan Chana, aka zo bidiyo, Turmin Danya ya buɗe wa finafinan Hausa hanya a Kano a 1990. Yau kuwa yaro zai miƙa memori ga masu tura fim a bakin tasha, ya koma gida da fassarar Algaita da finafinan Amurka cike da waya. Labarin baƙin halittu ma ba yau Bahaushe ya fara jin sa ba, domin tun a 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda yaro Kilba ya haɗu da Kolin Koliyo aka yi sama da shi. Saboda haka tambayar ta masu ido ce, ta kuma cancanci amsa.

Hajar da darakta yake kasawa a mintocin farko ita ce sani: me za a sanar da kai, me za a ɓoye maka, kuma a wane lokaci. Sauran duka, dodo ne ko kumbo ko mutum-mutumi, a kan wannan ake ɗora su.

Razana daban, zullumi daban

Wanda ya fi fayyace wannan shi ne Alfred Hitchcock, daraktan nan ɗan Ingila da ya yi suna a Amurka. A 1962 wani darakta Bafaranshe mai suna François Truffaut ya zauna da shi kwana da kwanaki yana yi masa tambayoyi, hirar ta fito a littafi a 1966. A ciki Hitchcock ya kawo misalin mutane biyu suna hira a kan tebur, alhali akwai bam a ƙarƙashinsa. In mai kallo bai san da bam ɗin ba, hira ce kawai marar armashi, sai kwatsam abu ya tashi. Ka zabura, ka yi salati, bayan daƙiƙa 15 an wuce wurin. To amma a ce an nuna maka sa'ad da aka dasa shi, an sanar da kai ƙarfe ɗaya zai tashi, ga kuma agogon bango yana nuna ɗaya saura kwata. Hirar nan ita ce dai, ko kalma ɗaya ba a canza ba, amma yanzu kowace kalma ƙona maka rai take yi. Ji kake kamar ka kutsa cikin akwatin ka finciko su. Minti 15 cur kana zaune a kan ƙaya.

Na farkon razana ce, na biyun zullumi. Razana ba ta da tsada, ko yaro ya laɓe a bayan ƙyaure ya kwatsa maka ihu zai samar da ita. Zullumi kuwa gina shi ake yi, kuma da abin da mai kallo ya sani ake gina shi.

Fim ɗin kimiyya yana da wata wahala da sauran ba su da ita. In labarin 'yan fashi ne, ba sai an koya maka mece ce bindiga ba. Amma a duniyar da aka ƙaga, shekara 50 nan gaba ko a cikin kumbo can bayan taurari, ba ka ma san mene ne bam ɗin ba, balle ka ji tsoronsa. Dole darakta ya koya maka yadda duniyar take, ya nuna maka inda haɗarinta yake, ya sa ka damu da mutanen cikinta, duk a cikin 'yan mintoci, kuma ba tare da ya tsayar da wani ya yi maka lacca ba.

Gonar masara

Dabara ta farko ita ce a fara da abin da ido ya saba da shi, sannan a ɗan karkata shi kaɗan. A nan manomin kudancin Katsina ya fi ɗan birni riba, domin manyan finafinai da dama a gonar masara suka kafa tsoronsu.

Ɗauki Signs, wanda M. Night Shyamalan ya yi a 2002. Wani magidanci, Mel Gibson ne ya fito a matsayinsa, ya farka firgigit da safe a gidansa na gona a jihar Pennsylvania. Ya leƙa ƙofar ɗakin yara, shiru. Ya shiga yana goge haƙora, sai ya ji kamar ihun yarinya daga nesa. Ya tsaya, ya kasa kunne. Da ihun ya sake tashi sai ya fita a guje, ƙanensa ma ya fito, suka afka cikin masara suna kiran sunayen yaran, karnuka na ta haushi. Sun tarar da yaran lafiya lau. Amma ɗan ya kama haɓar uban ya juya masa fuska zuwa wani gefe. Sai a sannan kyamara ta fara ɗagawa sama, muka ga an kwantar da masara a wasu manyan da'irori masu tsari, kara bai karye ba, lanƙwasa shi aka yi. Babu jini, babu dodo. Tambaya ce kawai aka dasa: wane ne ya yi wannan cikin dare ɗaya, kuma yana ina yanzu?

Me ya sa masara? Bi hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi ta Bakori a watan Agusta, lokacin da masara ta fi ƙarfin tsayin mutum ta fara goyo, ka sauka ka shiga tsakiyar gona. Idonka ba zai wuce 'yan taku ba, amma kunnenka yana jin komai. Ganye yana kartar fuskarka. In akuya ta ratso, za ka ga kawunan masara suna rangaji tun kafin ka san me ke kaɗa su. Kowace kunya kama take da 'yar'uwarta, har mutum ya rasa gabas. Wannan shi ne ainihin halin da darakta yake son jefa mai kallo, kunne a buɗe ido a ɗaure, ga shi gona ta ba shi a ɓagas. Ni dai a ganina ƙarshen Signs bai kai farkonsa ba, amma mintocin nan na farko darasi ne.

Christopher Nolan ya yi amfani da gona ta wata fuskar a Interstellar na 2014. Fim ne na tafiya sararin samaniya, amma hoton farko ƙura ce tana sauka a hankali a kan kantar littattafai, inda aka ajiye ɗan kumbon wasan yara. Sai wata tsohuwa ta fara ba da labarin mahaifinta manomi. Wasu tsofaffi suka biyo baya suna faɗin yadda ƙura ta addabe su, har sai an kife faranti a kan tebur kafin a zuba abinci. Yawancin waɗannan tsofaffi ba 'yan wasa ba ne. Mutane ne da suka rayu a bala'in ƙurar da ta afka wa manoman Amurka a shekarun 1930, aka ɗauko hirarsu daga shirin tarihi da Ken Burns ya yi a 2012. Nolan ya ɗauki abin da ya riga ya faru ya sayar mana da shi a matsayin abin da zai faru, shi ya sa muryoyin suke da nauyin gaskiya.

Kaɗan-kaɗan ake tsinto sauran labarin. Wata cuta ta cinye alkama. Ana hango hayaƙi a gonar maƙwabci, ashe kuɓewarsa yake ƙonawa, kuma an ce daga bana an gama noman kuɓewa a duniya. Masara kaɗai ta rage. Babu wanda ya fito ya ce saura shekara kaza a mutu, amma duk manomi ya iya wannan lissafi. Wanda ya ga shekarar 2016, lokacin da baƙuwar tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta ɓulla a Najeriya, kuma ƙwaron tumatir ya yi wa gonakin Kano da Kaduna da Katsina ƙarƙaf har kwando ya yi tashin gwauron zabo, ba ya bukatar a fassara masa fuskar mutumin da yake kallon gonar maƙwabcinsa tana ci da wuta. Agogon Hitchcock ne, sai dai da amfanin gona aka yi shi: alkama ta tafi, kuɓewa ta tafi, saura ɗaya. Don a sami wannan hoto, sai da aka shuka masara eka 500 a lardin Alberta na Kanada, bayan an gama ɗauka kuma aka sayar da amfanin.

A kafa doka, a miƙa wa yaro batir

Dabara ta biyu ta fi kowace ƙarfi, kuma babu inda aka nuna ta tsaf kamar A Quiet Place, wanda John Krasinski ya shirya a 2018. Ya kamata mu bi shi taki-taki.

Rubutu ya fito a allo cewa rana ta 89 ce. Ta 89 da me? Ba a faɗa ba. Ga gari babu kowa, fitilar kan titi ta faɗi, an manna hotunan waɗanda suka ɓata a bango. Muka shiga wani kanti. Ƙafar yaro ta gifta da gudu, ba takalmi. Wata mata tana duba kwalaben magani, tana ɗaga kowace da yatsu biyu a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai, ta juya ta karanta, ta mayar ba tare da ta bari ta taɓa 'yar'uwarta ba. Ɗanta na zaune a ƙasa ba lafiya. Babu mai magana, da hannu ake zance. An kwashe kayan kanti da yawa, amma ledojin soyayyen dankali masu ƙaras-ƙaras suna nan ba wanda ya taɓa. Kafin minti uku ka gane dokar wannan duniya ba tare da an furta ta ba: wanda ya yi ƙara ya mutu.

Daga nan sai aka dasa bam. Autan gidan, ɗan shekara huɗu, ya hau ya miƙa hannu zai ɗauko kumbon wasa daga kan kanta. Abin ya suɓuce, yayarsa ta yi tsalle ta cafe kafin ya taɓa ƙasa. Numfashinka ya dawo. Jim kaɗan yaron ya sake bayyana riƙe da kumbon, uban ya karɓa a hankali, ya zare batiran, ya nuna masa da hannu cewa wannan ƙararsa ta yi yawa. Iyayen suka fita. Yayar ta ji tausayin ƙanenta, ta miƙa masa kumbon a ɓoye, ba batir, ta wuce. Shi kuma kafin ya bi su, ya waiga ya kwashe batiran ya riƙe.

Kai kaɗai ka ga wannan. Uban bai gani ba, uwar ba ta gani ba, yayar ma ba ta gani ba. Daga wannan daƙiƙa darakta ya gama da kai. Iyalin suna tafiya a jere a kan wata siririyar hanya da suka zuba wa yashi don kada sawu ya yi ƙara, rana na faɗuwa, wuri gwanin kyau, amma kai idonka na kan yaron da ke can baya. Da suka hau gada sai kumbon ya fara ƙara da walƙiya.

Akwai wani ƙarin gishiri. Yayar kurma ce, yarinyar da ta fito a matsayinta ma, Millicent Simmonds, kurma ce a zahiri. Sau da yawa in kyamara ta koma kanta sai a ɗauke sauti. Don haka a kan gadar ba ta ji komai ba. Fuskar iyayenta kawai ta gani ta canza, uwar ta toshe bakinta da hannu, uban ya ajiye ɗan da yake ɗauke da shi ya juyo a guje. Bai kai ba. Wani abu ya fito daga cikin itatuwa ya sure yaron, ko ƙiftawar ido bai cika ba. Sai a lokacin sunan fim ya fito.

Duba abin da aka ci a minti goma. An koyar da doka, an nuna cewa dokar ba ta da sani ba ta da sabo tunda ba ta bar ɗan shekara huɗu ba, an kuma bar yarinya da nauyin laifi a zuciya wanda zai ja sauran labarin. Daga nan har ƙarshe ko cokali ne ya motsa sai gabanka ya faɗi. Dodon kansa bai yi daƙiƙa biyu a allo ba.

Abin da ba a gani

Wannan ya kawo mu ga ainihin ƙorafin ɗan bencin baya. Ana ɓoye dodo ne saboda wanda zuciyarka za ta ƙera ya fi wanda kwamfuta za ta zana ban tsoro. Da zarar ka gan shi sarai, ka san girmansa, ka ƙirga haƙoransa, to ya zama abin da ake iya aunawa, tsoro ya ragu.

Steven Spielberg ya koyi wannan a dole. Lokacin ɗaukar Jaws na 1975, kifin roba mai inji da aka ƙera masa ya yi ta lalacewa a cikin ruwan gishiri, sai ya koma nuna saman ruwa da ƙafafun masu iyo da kiɗa. Fim ɗin ya fi ban tsoro a haka. Da ya zo Jurassic Park a 1993, kayan aiki sun wadata, amma bai sake dabarar ba. Dare ne, rassan itatuwa suna girgiza, ma'aikata sun yi cirko-cirko da bindigogi, kana jiran ƙaton dabba ya ɓullo sai ka ga ashe motar ɗaukar kaya ce ɗauke da akwatin ƙarfe. Abin da ke cikin akwatin ya ja mutum guda ciki, mu kuwa ƙwayar idonsa kawai muka gani ta wata kafa. Yawan masu bindiga da yadda suke zufa su suka gaya mana girman abin.

Alien na Ridley Scott, 1979, ya fi haka rowa. Wani jirgin dakon ma'adinai mai suna Nostromo yana komawa duniya da mutum bakwai a ciki, duk suna barci. Kyamara tana ta yawo a lunguna babu kowa, takarda na kaɗawa, injina na gurnani ƙasa-ƙasa. Sai wata kwamfuta ta kunna kanta, haskenta ya faɗa a kan gilashin hular da babu kai a ciki. Mintoci sun shuɗe kafin a ji muryar ɗan Adam. Da mutanen suka tashi suka zauna karin kumallo, me suke yi? Biyu daga cikinsu, masu gyaran inji, gardamar alawus suke yi, wai ana ƙwarar su a rabon kuɗi. Wannan gardama ita ta mai da su mutane irinmu, leburori masu jiran albashi, ba jarumai ba. Sai an kusa cin awa guda kafin halittar ta nuna kanta sosai, amma tun yawon lungunan nan ka riga ka san wuraren da za ta iya laɓewa.

Mutumin da yake harbin kare

Wani lokaci kuma juya lissafin ake yi, a hana ka sani, a bar ka da abin da hankali ya ƙi ɗauka. A The Thing na John Carpenter, 1982, bayan an ɗan nuna wani jirgi yana faɗowa daga sama, sai ga farin filin ƙanƙara na Antaktika. Kare yana gudu, jirgi mai saukar ungulu yana bin sa, wani mutum ya leƙo yana harbinsa. Kiɗan da Ennio Morricone ya tsara ba komai ba ne illa bugu biyu-biyu mai kama da bugun zuciya. Nan take ka bi bayan karen. Wane irin mahaukaci ne zai ƙona man jirgi don ya kashe kare?

Karen ya isa sansanin Amurkawa ya faɗa jikin ɗayansu yana lasar sa. Jirgin ya sauka, gurneti ya suɓuce ya tarwatsa shi. Maharbin ya nufo su yana ihu da harshen mutanen Norwe, ba wanda ya gane, ya yi harbi ya sami wani a ƙafa, shugaban sansanin ya bindige shi. Aka shigar da kare ciki. Abin da mutumin yake faɗa kuwa gargaɗi ne, cewa su nisanci abin nan, ba kare ba ne, kwaikwayon kare yake yi. Carpenter bai sa fassarar maganar a allo ba, da gangan.

A nan akwai jan hankali ga masu fassara mana finafinai. Sun yi aiki babba, domin sun kai labaran duniya ga tsohuwa da yaron da ba su taɓa zama a aji ba, kuma barkwancinsu kan ceci fim ɗin da ba shi da daɗi. Amma wasunsu ba sa iya jure shiru. Duk inda darakta ya yi tsit sai su cike wurin da surutu, har su riƙa gaya maka wane ne bos tun bai yi komai ba. A fim ɗin faɗa ba laifi. A irin waɗannan kuwa ɓarna ce. Wanda ya fassara ihun mutumin Norwe zuwa Hausa ya kashe rabin awa na fim ɗin, wanda kuma ya yi sharhi a kan gadar nan ta A Quiet Place ya zubar da abin da aka tara tun daga kanti.

Ranar da wayoyi suka yi shiru

Masu kallon Indiya sun san 2.0, na darakta Shankar, wanda ya fito a 2018 da Rajinikanth da Akshay Kumar. An buɗe shi da wani tsoho yana tafiya shi kaɗai zuwa ƙarfen sabis, tsuntsaye na shawagi a kansa, ya hau ya halaka kansa. Ba a gaya maka ko wane ne ba. Bayan haka sai wayoyi suka fara fizgewa daga hannun mutane a birnin Chennai suna tashi sama. A 2018 wannan ya yi kama da wasan yara. Amma a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, mutane sun ɗanɗani abin da fim ɗin yake nufi. Ɗan kasuwa bai san farashin buhu a Dandume ba sai ya je, uwa ba ta san ko ɗanta ya sauka lafiya ba. Fim ɗin kimiyya mai kyau yakan lalubo abin da ka dogara da shi har ka manta da shi, ya cire shi a mintin farko.

Children of Men na Alfonso Cuarón, 2006, abin da ya cire ya fi waya girma. Landan ce a 2027, mutane sun cika shagon shayi suna kallon labarai suna hawaye, wai an kashe mutumin da ya fi kowa ƙuruciya a duniya, yana da shekara 18. Lissafin ya rage naka: shekara 18 ba a haifi ko jariri ɗaya ba. Jarumin ya kutsa ya sayi kofinsa ko a jikinsa, ya fito ya ɗan taka kaɗan, shagon ya tashi da bam. Wannan razana ce tsagwaronta, irin wadda Hitchcock ya ce ba ta daɗewa, amma an ajiye ta inda za ta haifi zullumi, domin daga nan ba za ka ƙara yarda da kowane wuri a fim ɗin ba.

Ina namu?

Masu shirya finafinan Hausa sun ƙware a wani ɓangare na wannan sana'a. Shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina na Aminu Saira sun san yadda ake yanke kashi a daidai inda mai kallo zai kwana yana saƙe-saƙe har mako ya zagayo. Rufewa an iya. Buɗewa ce har yanzu da saura. Sau da yawa fim kan fara da mutum biyu a falo, ɗaya yana gaya wa ɗaya abin da dukansu suka riga suka sani don mai kallo ya ji. In aka tambayi dalilin da ya sa ba a yin finafinan kimiyya, amsar kullum ita ce babu kuɗin kwamfuta. Amma duk buɗewar da muka bi a wannan babi, abin da ya riƙe mai kallo a cikinta kare ne, da batir, da ƙura, da karan masara.

A ce wani ƙauye ne a bayan Malumfashi. Magariba ta yi, amma ba gidan da aka kunna fitila. Wata mata ta yi sauri ta yayyafa wa murhu ruwa tun tuwo bai gama nuna ba. An lulluɓe fitilar babur da buhu an ɗaure. Wani dattijo ya fizge tocila daga hannun jikansa ya cire batir, bai ce uffan ba. Ka gane doka: haske ne ke kira. Sai a nuna maka wani saurayi ya makara a gona, yana ratsowa ta cikin masara a duhu, waya na aljihun gaban rigarsa. A yanka zuwa Funtuwa, ga mahaifiyarsa a tsakar gida hankali a tashe, tana laluben lambarsa. Kyamara ɗaya ta isa wannan, da daren damina ɗaya.

Kafin ka shiga babi na gaba, ɗauki ɗaya daga cikin finafinan nan ka kalli minti gomansa na farko ka kashe murya, sannan ka maimaita ka rufe ido ka bar kunne kawai. Za ka ga wanne ya fi tayar maka da tsigar jiki. Babi na biyar a kan wannan zai tsaya: kiɗa, da ƙara, da shiru, da yadda masu haɗa sauti suke sarrafa bugun zuciyar mai kallo.